Jirgin da Ya Cinye Dabinonmu: Ta'aziyyar Yaya Bubayero

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, da wanda ya shirya da wanda bai shirya ba.

Ranar Laraba, tara ga watan Sha'aban, shekara ta dubu ɗaya da ɗari uku da arba'in da shida bayan Hijira, da hantsi, Allah Ya karɓi ran wana, Malam Bubayero ɗan Malam Jaji, a ƙauyenmu da ke gabas da Dutse kan hanyar Kiyawa. Faɗowa ya yi daga kan dabino. Ko da aka ɗauko shi aka iso ƙofar gida, rai ya yi halinsa. Ni ce ƙanwarsa, Mu'minatu, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifinmu ya koya mini riƙon alƙalami tare da shi a zaure ɗaya, kuma ban taɓa zaton abin da zan rubuta da shi ke nan ba.

Yaya, da kai zan yi magana, tunda yau ba ka da bakin katse ni.

Da aka gama yi maka wanka aka sa ka a likkafani, liman ya aiko cikin gida, kamar yadda aka saba, cewa duk mai wani abu a zuci game da mamaci ya yafe masa kafin a ɗauki makara. Mata suka amsa baki ɗaya, mun yafe, mun yafe. Har waɗanda 'ya'yansu ke bin ka da waƙa a hanyar kasuwa, su ma sun yafe, ban san me suka yafe ba. Ni ban ce komai ba. Gwaggo ta zungure ni da gwiwar hannu har sau biyu, na kawar da kai. Aka fita da kai ban yafe ba, kuma gari duka ya ji.

An ce a riƙa ambaton alherin matattu. Zan ambata, don kana da shi, ba ni da ikon ɓoye shi. Kai ne ka goya ni ka ƙetare rafi da ni ranar da ruwa ya tare mu a gona muna yara. Shekarar yunwa, wadda ta rigayi yaƙin Jamus, kai ne kake zuwa gidan aurena da ƙullin gero a cikin riga, ka ajiye a bakin murhu ka ce wai tsintuwa ka yi a hanya, alhali kowa ya san rabonka ne ka hana cikinka. A duk ƙasar nan babu wanda ya kai ka hawan dabino, ba ka kuma taɓa karɓar ladan hawa daga hannun tsohuwa ko marainiya ba. Wannan duk gaskiya ne. Amma wanda ya ba ka tuwo da dama ya fasa maka tukunya da hagu, sai ka rasa godiya za ka yi masa ko ƙara za ka kai.

Bari in faɗi abin da ya faru daga farko, saboda yaran da za su ji wannan takarda ba su san komai ba sai waƙar da aka koya musu.

Lokacin da Nasara suka shiga yaƙi da Jamus, aka aiko kowane gari ya ba da 'yan dako. Daga unguwarmu aka ɗauki mutum uku: kai, da Malam Ɗan'inna mai saƙa, da maigidana. Bakina bai taɓa kiran sunansa ba, yau dai alƙalami zai kira, Malam Nata'ala. Ya bar ni da ɗa namiji yana tatata da 'ya mace a goye. Ya bar mana kuma gonar da ubansa ya yanka masa tun yana da rai, a gindin dutse, mai dabino goma sha huɗu. Wansa, Malam Ashafa, ya ce zai riƙe mana ita amana har ya dawo.

Kuka yi dakon harsashi a dajin Kamaru har kuka ɓulla bakin teku. A can aka rasa masu zuba wa wani jirgin ruwa gawayin kwal, don ciwo ya kwantar da ma'aikatansa, sai aka tura ku ukun cikin cikinsa ba tare da an tambaye ku ba. Jirgin ya kai ku ƙasar Turawa, wata tashar jirage mai sanyin da ke tsaga leɓe. A nan sanyi ya kama maigidana a haƙarƙari, ya yi kwanaki yana tari, ya cika a hannunka. Kai da Malam Ɗan'inna kuka yi masa wanka da ruwan bokiti, kuka yi masa salla ku biyu, kuka rufe shi a wani gefe da aka nuna muku. Haka ka faɗa mini ranar da ka dawo, kana zaune a ƙofar ɗakina, ka miƙo mini tasbaharsa. Na yarda da kai nan take. Ban taɓa shakka ba, ko ta ƙwayar gero.

Da a nan ka tsaya, Yaya, da yau ɗana yana cikin gonar ubansa.

Amma ba ka tsaya ba. Tun ba a share makokin ba ka zauna a dandali ka buɗe baki. Ka ce a wannan tasha ka ga wani jirgi baƙi, dogo kamar kada, wanda ke nutsewa ƙarƙashin ruwa da mutane a cikinsa, ya yi tafiyarsa ya sake ɓullowa ba wanda ya jiƙe. Mutane suka dubi juna. Ka ce wannan ma ba komai ba ne. Ka ce wata safiya kuna kan jirginku kuna zubar da toka, sai ga baƙin jirgin nan an fito da shi da wani ƙaramin jirgi ɗaure a gadon bayansa, mai fukafukai na itace da ƙyalle, ƙafafunsa biyu kamar 'yan kwale-kwale. Da suka kai tsakiyar ruwa aka kwance igiyoyi, babban ya yi ta nutsewa a hankali har ya zame daga ƙarƙashin ƙaramin ya bar shi yana yawo a kan ruwa. Ranar farko igiyar ruwa ta mari ƙaramin ta karya masa ƙafa, aka tsamo Baturen da ke ciki kamar kazar da ta faɗa rijiya. Ba su daddara ba. Suka jira ranar da ruwa ya kwanta suka sake, wannan karon ƙaramin ya yi ruri, ya sheƙa a guje bisa ruwa, ya ɗaga, ya tashi sama har ya zama kamar shirwa. Ka ce dabarar ita ce babban ya saɗaɗa da shi kusa da abokan gaba ba a gani, sannan ya sake shi.

A garin da ruwan da ya fi kowane girma shi ne kududdufin bayan masallaci ka faɗi wannan. Ga mutanen da ko jirgin ƙasa rabinsu ba su taɓa gani ba. Kifin ƙarfe ya goyi tsuntsun ƙarfe! Kafin Juma'a ta zagayo an raɗa maka suna Goyon Kifi, yara sun yi maka waƙa, duk wanda ya shara ƙarya a kasuwa sai a ce masa, "Kai, sauke mana goyon nan haka." Na aika maka, na ce ka yi shiru. Ka ce a gaya mini gani ya kori ji. To, ai su ba su gani ba, ji suke yi, kuma ji ɗin ne ya kore ka.

Da na fita takaba na nemi a raba gado, Malam Ashafa ya ce shi bai san ƙanensa ya mutu ba. Ya ce ɓatacce ne, kuma dukiyar ɓatacce ba a raba ta sai ya cika shekara saba'in da haihuwa. Mutumin da ya tafi bai fi shekara talatin ba. Muka je gaban alƙali na wancan lokaci, Allah Ya jiƙansa, dattijo ne mai tsoron Allah. Ya ce in kawo shaidu biyu adalai da suka ga mutuwar. Na ce ga su, har wanka su suka yi masa. Raina a kwance na shiga wannan zaure.

Malam Ɗan'inna ya ba da shaidarsa aka karɓa. Da aka zo kanka sai Malam Ashafa ya gyara zama ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, wannan ai ba a karɓar shaidarsa. Duk ƙasar nan an san shi da ƙarya. A tambaye shi labarin kifi mai goyo."

Alƙali ya sa ka faɗa. Ka kuwa faɗa, tiryan-tiryan, har da kwaikwayon rurin da bakinka, ni ina bayan zana ina jin mutane suna danne dariya. Alƙali ya juya ga Malam Ɗan'inna ya ce, "Tare kuke. Ka ga wannan abu?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ni dai ban ga komai ba sai ruwa."

Dattijon nan ya so ya taimake ni, na ji a muryarsa. Ya sassauta ya ce maka, "Bubayero, kowane matafiyi yakan ƙara wa labari gishiri, ba a kama mutum da hira. Ka ce hira ce ka yi don a yi dariya, ka tuba, in karɓi shaidarka, marayun nan su sami gonarsu."

Kalma ɗaya, Yaya. Hira. Ko akuya aka ce ta faɗa don 'ya'yanta, da ta yi ƙoƙari. Na manta da kunya na ɗaga murya daga bayan zana na ce, "Yaya, don Allah, don darajar iyayenmu, ka ce hira ce."

Ka waiwayo wajen zanan har na ɗauka ka ji. Sannan ka ce, "Allah Ya gafarta Malam, idon da ya ga mutuwar Nata'ala shi ne ya ga jirgin. In na ce ya yi ƙarya a ɗaya, da wane idon zan yi shaidar ɗayan?"

Magana ce mai kyau. Na ji malamai ma sun yaba da tsarinta daga baya. Amma ba a dama kunu da ita. Alƙali ya ajiye shaidarka, gona ta zauna a hannun Malam Ashafa, ni na koma ɗakin da aka haife ni da yara biyu. Sai da na sake zaman jira na shekaru kafin shari'a ta kwance mini auren mutumin da na san yana kabari. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma kai ka ja, mu ya doka. Na yi surfe a gidajen da a da nake aika wa da dabino. Ɗiyata ta yi aure da tabarma da tukunya biyu. Ɗana Muntaka, da ƙarfinsa ya kawo, bai sami inda zai sa fartanya ba, yanzu haka yana wajen Ringim yana ɗaukar ƙasa a ka inda Nasara ke shimfiɗa hanyar jirgi. Dakon da ya kashe uban shi ɗan ya gada, tunda an hana shi gadon gona.

Shekara uku da suka wuce jiragen sama suka sauka a Kano, fatake suka dawo suna rantsuwa sun gani da idonsu. Na ce to, yau za a wanke ka. Ina! Mutanen garin nan suka ce mai tashi dai an yarda akwai shi, amma mai nutsewa da goyo, wannan sai Bubayero, kuma ai maƙaryaci ma yakan yi tuntuɓe da gaskiya. Kai kuwa ko a jikinka. Ka wuce su da igiyarka a kafaɗa kamar ba da kai ake ba.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Malam Ashafa bai iya dabino ba, bai san ana yanko furen namiji a ɗaura a jikin na macen ba sai da ya ga itatuwa sun daina haihuwa. Sai kai, da ƙafarka, ka je ka ce za ka riƙa yi masa barbara da sassabe kyauta. Shekara da shekaru kana hawa, shi yana kwasa yana kaiwa kasuwar Shuwarin. Ranar da na tare ka a hanyar rijiya, bayan na daɗe ba na amsa gaisuwarka, na ce ashe bayan ka ba shi gonar har bauta za ka ƙara masa? Ka ce, "Ƙanwata, dabino yana kai shekara saba'in in an kula da shi. So nake Muntaka ya tarar da su a raye." Na ce da ka faɗi kalma ɗaya, da ba sai ya jira ba. Ka ce, "Na sani." Ka sa kai ka wuce. Daga kan ɗaya daga cikin itatuwan nan goma sha huɗu ka faɗo, da furen namiji a cikin aljihunka. Har shi Malam Ashafa ya zo gaisuwa, ya zauna a sahun gaba, yana cewa an yi rashin mutumin kirki. Ya yi rashin bawa dai.

Yanzu sai in faɗi dalilin wannan takarda.

Alƙalin da ke kai yanzu ya duba maganarmu kafin rasuwarka. Ya ce akwai hanyar da za a bi a karɓi shaidar mutum ɗaya, in magaji ya mallaki hankalinsa ya haɗa da rantsuwa. Ya ce a kira Muntaka bayan Salla, tunda shaidar Malam Ɗan'inna tana nan ba ta da tabo. Karon farko ke nan da na ga hasken gonar nan tun da aka fita da maigidana.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun watse da la'asar, aka ce ana sallama da ni a zaure. Malam Ɗan'inna ne, ya tsufa. Ya ce, "Malama, ya haƙuri?" Na ce da godiya. Ya yi ta murza hularsa, can ya ce, "Malama, tun ranar Laraba ban runtsa ba. Wallahi na ga jirgin nan. Kafaɗata na gogar tasa muka gani. Ni na fara nuna masa ma."

Na ce, "Malam, me ya hana ka faɗa a gaban alƙali?"

Ya ce, "Na ga yadda aka mai da shi. Ina da 'ya'ya mata, wa zai auri 'yar Goyon Kifi na biyu? Kuma na ce in na faɗa, mu biyun za a zubar."

Na ce to ya tashi ranar Juma'a a ƙofar masallaci ya faɗa. Ya ce, "Malama, ki yi tunani. In na ce na yi ƙarya a gaban alƙali, tawa shaidar ta mutu. Muntaka ba shi da wani shaida sai ni. Ki bar shi a tsakaninmu, ni dai na sauke nauyi."

Ya sauke nauyi! Ya ɗauke daga kansa ya ɗora a nawa, ya sa takalmi ya tafi ya yi barcinsa. Ka ga inda kuka kai ni, ku biyun. In na yi shiru, gona ta dawo, kai kuma ka tabbata Goyon Kifi har jikokin jikoki, ana buga misalin ƙarya da sunanka a kan kabarinka. In na yi magana, an wanke ka, gona ta tafi sai Muntaka ya yi furfura, in ma yana da rabon gani. Kana kwance a ƙasa ma ba ka bar ni na huta ba.

Gonar ba tawa ba ce ni kaɗai, don haka na aika Ringim aka kira shi. Na zaunar da shi na faɗa masa duka, ban rage ba, ban kuma nuna masa inda na karkata ba. Na ga kansa duk ya yi kanta saboda kwando. Da na gama ya ce, "Inna, in na dafa Alƙur'ani a gefen mutumin da ya ƙaryata Kawu, na ci dabinon da Kawu ya mutu a kansa, zai wuce mini a maƙogwaro? A karanta kawai." Na dube shi, sai na ga goshinka sak. Na ce a raina, shi ke nan, ciwon ya bi jini.

Saboda haka na roƙi liman a karanta wannan takarda ranar sadakar arba'in, a ƙofar gida, da ƙarfi, Malam Ɗan'inna yana zaune, Malam Ashafa yana zaune, da iyayen yaran da suka yi waƙa. Ku ji, jama'a. Ni Mu'minatu 'yar Malam Jaji, wadda ta fi kowa cutuwa da bakin Bubayero, wadda ba ta da dalilin yi masa kara ko na anini, ina shaida cewa bai taɓa yin ƙarya ba. Akwai jirgi mai nutsewa, ya goyi mai tashi, ya sake shi a kan ruwa ya tashi. Mutum biyu suka gani daga garin nan. Ɗaya ya faɗa kuka mai da shi mahaukaci, ɗaya ya ɓoye kuka kira shi adali. Malam Ɗan'inna, ga ka ga jama'a, in ƙarya na yi maka ka tashi ka ce ƙarya ne. Malam Ashafa, ka ci gaba da riƙon amana, sai dai ka nemi mai hawa, don na kyauta ya ƙare.

Kai kuma Yaya, kada ka ɗauka na huce. Har gobe ina cewa da ka faɗi kalmar nan, Allah Mai gafara ne, da Ya gafarta maka ita saboda marayu. Ka zaɓi gaskiyarka a kan cikin 'ya'yana, ba ka kuma taɓa cewa in yi haƙuri ba. Amma naka naka ne. Kai ka jefar da rabin gonar a gaban wancan alƙali, ga shi ni da ɗana mun jefar da sauran rabin a gaban wannan. Yanzu ba wanda zai yi wa wani gori a cikinmu.

Abin da na hana ka ranar da aka ɗauki makara, ga shi, ko da ya zo a makare. Na yafe maka, duniya da lahira.

Allah Ya jiƙanka, Ya yi maka rahama, Ya yalwata kabarinka, Ya sa can ta fi nan. Allah Ya haɗa ka da Malam Nata'ala, wanda ka rufe da hannunka a ƙasar da ba a kiran salla, ka gaya masa itatuwansa suna nan a raye. Ina yi wa iyalinka ta'aziyya, da Gwaggo, da Muntaka da ƙanwarsa, da duk wanda ya yi kukan gaskiya a gidan nan, ba su da yawa, sun san kansu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, kamar yadda Ya ba mu haƙurin zama da kai. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Kuma ranar da za a tambaye ka abin da idonka ya gani, Yaya, ka faɗa duka, har da rurin. A can ba a neman shaida na biyu.